"Sun Ɗauke Mini Allahna": Rikicin Ruhubanawan Masar a Kan Siffar Allah

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Kwanan baya wani abokina ya ce mini wai a farkon zamanin Kiristanci an yi wasu ruhubanawa a hamadar Masar da suka gaskata Allah yana da jiki irin namu, da fuska da hannu da ƙafa, har suka tasam ma bishop ɗinsu za su kashe shi don ya ce ba haka ba ne. Da gaske an yi haka? In an yi, jahilci ne ya kai su? Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma in na rufe ido ina addu'a, akwai wata siffa da ke zo mini a zuci. Kada dai ni ma layinsu na bi ban sani ba."

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a aikinka da yaran nan. Abu uku ka tambaya a dunƙule: ko abin ya faru, me ya jawo shi, da kuma inda kai kanka ka tsaya. Amsar ta farko gajeriya ce. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, an yi wannan rikici a shekara ta 399 bayan haihuwar Almasihu. Ta biyun ce ke bukatar zama, domin shekarun da na yi ina koyar da tarihin ikilisiya sun sa na daina jingina wa mutanen nan kalmar jahilci. Kusan duk abin da ya iso mana a kansu abokan hamayyarsu ne suka rubuta shi, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kwarin kanwa

In ka tashi daga Alƙahira ka nufi Iskandariya ta hanyar hamada, wajen tsakiyar tafiya akwai wani kwari mai tafkunan gishiri, ana ce masa Wadin Natrun. Natrun ɗin nan kanwa ce, irin wadda fatake ke kawo mana daga Manga da bakin Tafkin Chadi. A wancan zamani sunan wurin Siketis. Arewa da shi akwai Nitiriya, wadda ita ma daga kanwa ta samo suna, sai Keliya a tsakaninsu, ma'anarta "ɗakuna". Tun wajen shekara ta 330 mutane suka fara barin gari suna tarewa a waɗannan wurare don su keɓe da Allah. Su ne ruhubanawa, ɗayansu rahibi, kalmar da 'yan'uwanmu Musulmi suka sani daga labarin Bahira. Faladiyus, wanda ya zauna a cikinsu shekaru, ya ce a Nitiriya kaɗai mutum wajen 5,000 ne, a Keliya kuma wajen 600.

Kowa yana ɗakinsa, yana tufkar igiya yana saƙa kwando da ganyen dabino, bakinsa kuma yana motsi da Zabura da ya haddace. Abinci sau ɗaya ne a yini, wajen la'asar, busasshiyar gurasa da gishiri. Asabar da Lahadi ake haɗuwa a majami'a. Mafi yawansu 'ya'yan manoman Masar ne masu jin Ƙibɗanci, harshen 'yan ƙasar a lokacin, amma a cikinsu akwai waɗanda suka fito daga manyan birane, suka sha karatun Girkanci da falsafa. Kada ka manta da wannan: mutumin da ya shekara arba'in ba shi da sana'a sai addu'a, in aka taɓa maganar yadda ake addu'a, an taɓa ransa ne.

Kowa da ayarsa

Ba daga iska suka ɗauko ra'ayinsu ba. A Farawa 1:26 Allah ya ce a yi mutum cikin siffarsa da kamanninsa. A Fitowa sura 33 ya sa Musa a kogon dutse, ya rufe shi da hannunsa, ya bar shi ya ga bayansa. Ishaya ya ga Ubangiji zaune a kursiyi. Ezekiyel ya ga mai kamannin mutum a bisa kursiyin. Daniyel ya ga Wanda Yake Tun Dā da gashi fari kamar ulu. Almasihu kuma ya yi alkawari a Matiyu 5:8 cewa masu tsarkin zuciya za su ga Allah. Wanda ya haddace waɗannan yana maimaita su dare da rana, me kake zato zai gani in ya durƙusa?

Ɗaya ɓangaren ma ba hannu biyu suka zo ba. Yahaya 4:24 ta ce Allah Ruhu ne. Yahaya 1:18 ta ce ba wanda ya taɓa ganin Allah. A Maimaitawar Shari'a 4:15 Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa ba su ga wata siffa ba ran da Ubangiji ya yi musu magana a Horeb. Suka ƙara da cewa in hannu da fuska na zahiri ne, to fikafikan da ke Zabura 91:4 ma sai a ɗauke su a zahiri, abin da ba wanda ya yarda da shi.

Abin da ke ba ɗalibaina mamaki kullum shi ne maganar ba ta kwanta ba tun farko. Tartuliyan na Kartaj, babban malami a farkon ƙarni na 3, ya rubuta cewa wa zai musa Allah jiki ne, ko da yake Ruhu ne. A fahimtarsa duk abin da ke akwai da gaske dole yana da wani irin jiki, ko da ba nama da ƙashi ba. Agustin, shahararren malamin ikilisiya na Arewacin Afirka, da kansa ya faɗa cewa ya daɗe ba ya iya tunanin wani abu marar jiki, sai da ya saurari wa'azin Bishop Amburos a Milan kafin a yi masa baftisma a 387. Wanda ya kafa hujjar rashin jiki da ƙarfi shi ne Orijin na Iskandariya, wanda ya rasu a tsakiyar ƙarni na 3. Hujjarsa mai sauƙin bi ce: duk jiki yana da iyaka, yana da sassa, kuma in yana nan ba ya can. Wanda ya cika sama da ƙasa ba zai zama haka ba. Saboda haka siffar Allah a cikin mutum tana cikin ransa da hankalinsa.

Wanda ya kai wannan koyarwa cikin ɗakin addu'a shi ne Ebagiriyus, mutumin Fontus da ke Turkiyya ta yau, wanda ya bar Kustantiniya ya ƙare rayuwarsa a Keliya. Ya koya wa almajiransa cewa in za ka yi addu'a kada ka ƙera wa Allah wata siffa a zuciyarka, ka je wa marar jiki ba tare da hoton komai ba. Ya ma yi gargaɗi cewa aljanu kan kawo wa mai addu'a siffa mai kyau don ya zaci ya ga Allah. Ebagiriyus ya rasu a farkon 399, gab da ɓarkewar rikicin.

Wasiƙar da ta tada ƙura

Al'ada ce a Masar kowace shekara bishop na Iskandariya ya aika wasiƙa ga dukkan majami'u da mazaunan ruhubanawa, ya sanar da ranar fara azumi da ranar Ista, ya haɗa da koyarwa. A 399 Bishop Tiyofilus, wanda ya riƙe kujerar daga 385 zuwa 412, ya yi amfani da wasiƙarsa ya yi kaca-kaca da masu cewa Allah yana da siffar mutum. Yahaya Kasiyan, wani rahibi baƙo da ke Siketis a lokacin, ya ba da labarin yadda aka karɓe ta. Majami'u huɗu ne a kwarin. Shugabannin uku sun hana ma a karanta ta. Abba Fafnutiyus kaɗai ya yarda.

A jama'ar Fafnutiyus akwai wani tsoho, Abba Serafiyon, wanda kowa ya shaida ya fi kusan kowa tsantseni da juriya. Ya ƙi wasiƙar, ya ce sabon abu ne da magabata ba su koyar ba. Ana haka sai wani dikin mai ilimi, Fotinus, ya zo daga Kafadokiya, a Turkiyya ta yau. Fafnutiyus ya zaunar da shi gaban jama'a ya tambaye shi yadda ikilisiyoyin Gabas ke fassara ayar Farawa. Fotinus ya yi dogon bayani da ayoyi cewa ba a ɗaukar ta a kan jiki. Tsoho ya saurara, ya sallama. Kowa ya yi murna, aka miƙe don addu'ar godiya. A tsakiyar addu'ar Serafiyon ya nemi siffar da ya saba sa wa a gabansa ya rasa. Ya fashe da kuka, ya zube ƙasa yana cewa: "Kaitona! Sun ɗauke mini Allahna. Yanzu ba ni da wanda zan riƙe, ban san wanda zan yi wa sujada ko wanda zan kira ba."

Na karanta wannan wuri a aji ban san iyaka ba, kuma har yau in na iso kukan sai ajin ya yi tsit. Kasiyan ya kawo labarin ne don ya nuna haɗarin rashin sani, har malaminsa Abba Ishaku ya ce ragowar bautar gumaka ce da ta maƙale a zuciyar mutanen karkara. Amma kukan tsohon ya fi ƙarfin darasin da aka so a ciro daga gare shi. An ci shi da hujja, kuma hujjar daidai ce, sai dai an karɓe masa sanda ba a miƙa masa wata ba.

A Iskandariya abin ya fi muni. Masu tarihi biyu na ƙarni na 5, Sukuratis (ba masanin falsafar nan na Atina ba) da Sozomen, sun ce ruhubanawa sun yi gangami suka shiga birni suna neman ran bishop. Tiyofilus ya fito ya tare su da maganar da Yakubu ya gaya wa Isuwa a Farawa 33:10, ya ce ganinsu kamar ganin fuskar Allah ne. Fushinsu ya sauka, suka ce to ya la'anci littattafan Orijin. Ya amsa nan take.

Ruwa ba ya tsami banza. Tiyofilus ya riga ya ɓata da wani tsohon firist ɗinsa, Isidor, a kan kuɗin da wata gwauruwa mai arziki ta bayar don tufatar da matalauta, Isidor kuma ya fake wurin wasu ruhubanawa huɗu 'yan uwa ɗaya da ake kira Dogayen 'Yan'uwa: Diyoskorus, Ammoniyus, Yusebiyus da Yutimiyus, masu karatun Orijin. Sai bishop ya mai da koyarwa makami. A shekara ta 400 aka la'anci Orijin a taron bishop-bishop, aka auka wa Nitiriya, aka ƙone ɗakuna, ruhubanawa wajen 300 suka gudu Falasɗinu. Wasunsu suka kai kuka Kustantiniya wurin Bishop Yahaya Kirisostom, tarbar da ya yi musu kuwa tana cikin abubuwan da suka jawo tsige shi a 403, ya mutu a gudun hijira a 407. Tiyofilus bai taɓa komawa ya ce Allah yana da jiki ba, kuma Sukuratis ya ce daga baya an same shi yana karatun Orijin kamar da. A ganina a wannan babi son iko ya fi tauhidi yawa.

Muryar su kansu

Da labarin Girkanci da Latin kaɗai muke da shi, da sai mu ce ƙauyawa ne suka yi faɗa da malamai. Amma akwai wani rubutu na Ƙibɗanci, tarihin Abba Afu na garin Femje a Masar, wanda aka buga a ƙarshen ƙarni na 19, kuma shi ne mafi kusa da jin ta bakinsu. Afu yana zaune a daji cikin namun jeji, sau ɗaya a shekara yake shiga gari don jin wasiƙar Ista. Da aka karanta ta wannan shekara sai ya ji an ce siffar da mu mutane muke ɗauke da ita ba siffar Allah ba ce. Ya kama hanya har Iskandariya, ya kwana uku a ƙofar bishop ba wanda ya kula shi saboda tsummokaransa.

Da aka shigar da shi, ya ce ya zaci kuskuren magatakarda ne. Tiyofilus ya ce a'a, haka ya nufa, sannan ya tambaye shi yaya zai ce Bahabashe siffar Allah ne, ko kuturu, ko gurgu, ko makaho. Ka sake karanta wannan tambaya, ɗan'uwa. Baƙar fata ne farkon wanda aka lissafa. A daidai lokacin kuwa a Siketis akwai Abba Musa Baƙi, tsohon ɗan fashi da ya tuba ya zama ɗaya daga manyan iyayen hamada. Afu ya amsa da Farawa 1:26. Bishop ya ce Adamu kaɗai aka yi haka, 'ya'yansa sun rasa siffar. Afu ya kawo Farawa 9:6, inda bayan ruwan tsufana Allah ya hana Nuhu da zuriyarsa zub da jinin mutum domin cikin siffar Allah aka yi shi. Bishop ya ce yana tsoron haɗa mai ciwo, mai tsugunnawa bayan gida, da Haske wanda ba a iya kusantarsa.

Nan Afu ya kawo misalai biyu da har yau nake jinjina musu. Ya ce gurasar Jibin Ubangiji daga ƙasa ta tsiro, hannun mutum ya gasa ta, ba ta yi kama da jikin Almasihu ba, amma kun gaskata saboda shi ya faɗa. Wanda ya faɗi wannan shi ya faɗi wancan. Sannan ya ce a dubi hoton sarki da ake kafawa a gari: katako ne da fenti, ba ya ji ba ya magana, amma kowa na ce masa sarki, wanda ya wulaƙanta shi kuma ya gamu da hukunci. In haka ne ga katako, ina ga mutum mai numfashin Allah a cikinsa? Rubutun ya ce bishop ya karɓi gyara, bayan shekara uku kuma ya naɗa Afu bishop na Femje.

Ko kusa Afu bai ce Uba yana da nama da ƙashi ba. Ya ma yarda cewa ɗaukakar Allah ba mai iya ganinta. Abin da yake karewa shi ne kuturu da makaho da baƙar fata ba su fita daga siffar Allah ba, kuma jikin mutum yana da rabo a wannan daraja. Masanin tarihi Florovsky tun tsakiyar ƙarni na 20 ya ja hankali ga wannan, wasu bayansa kuma suka nuna cewa siffar da ruhubanawan ke nema a addu'a ta Ɗa ce, Kalman da annabawa suka hango cikin ɗaukaka, wanda Kolosiyawa 1:15 ta kira surar Allah marar ganuwa. Ba na cewa duk dubban mutanen nan Afu ne. Babu shakka akwai waɗanda suka ɗauki hannu da ƙafa a zahiri, domin bayan shekaru Bishop Siril, ɗan 'yar'uwar Tiyofilus kuma magajinsa, sai da ya sake rubuta wa bishop na Arsinowe a kan ruhubanawan Dutsen Kalamon masu wannan ra'ayi. Ita kanta wasiƙar 399 ta ɓata, ta bakin wasu kawai muka san abin da ke cikinta, don haka duk mai yanke hukunci a nan ya yi a hankali.

In kana da abokai Musulmi masu karatu, za su gane ƙamshin wannan muhawara, domin su ma malamansu sun daɗe suna tattauna ayoyin hannu da fuska da daidaituwa a kan Al'arshi, tsakanin tawili da barin nassi yadda ya zo ba tare da tambayar yaya ba. Wannan fage nasu ne, na bar musu shi. Bambancin da ke namu shi ne mun gaskata Kalman ya zama mutum, kuma wannan ne ya sa maganar siffa ta fi sarƙaƙiya a wurinmu.

Kai kuma fa?

Koyarwar ikilisiya a fili take, ni ma a kanta nake: Allah cikin zatinsa ba shi da jiki, ba shi da iyaka, ba tsoho ne mai furfura zaune bisa gajimare ba. Hannunsa ikonsa ne, idonsa saninsa ne. Amma zuwan siffa a zuciyarka lokacin addu'a bai sa ka ɗan bidi'a ba. Zuciyar ɗan Adam da hoto take aiki. Laifin yana farawa ne ran da ka ce hoton nan shi ne Allah, ka ƙi a taɓa shi. Kuma ba a bar ka hannu wofi ba, domin Almasihu ya gaya wa Filibus cewa wanda ya gan shi ya ga Uban. Shi kansa Kasiyan, bayan labarin Serafiyon, bai ce a zauna cikin duhu ba. Ya yi maganar duban Yesu cikin ɗaukakarsa kamar yadda almajirai suka gan shi a kan dutse, sannan ya ba da aya ɗaya da za a riƙe a madadin hoto, Zabura 70:1, roƙon Allah ya kawo ceto, Ubangiji ya gaggauta taimako, a yi ta maimaitawa ana aiki, ana tafiya, ana kwance.

Wata shekara ina koyar da wannan darasi ga masu bishara da suka zo kwas daga ƙauyuka. A cikinsu akwai wani dattijo da ya haura saba'in, hannunsa duk kanta saboda fartanya. Na gama zuba hujjojin Orijin, na ga yana juya hularsa a gwiwa. Da aka tashi ya biyo ni ƙarƙashin darbejiya ya ce, "Malam, na ji, ban musa ba. Amma in na durƙusa da asuba, wa zan duba?" Ranar na fahimci na yi masa abin da Fotinus ya yi. Muka zauna a benci muka buɗe Markus sura 1, inda kuturu ya durƙusa, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi. Na ce, "Baba, ga hannun da aka yarje maka ka duba." Ya sa yatsa a kan ayar, ya bi ta a hankali sau biyu, sannan ya ninke gefen shafin.

Tun daga ranar na sauya tsarin darasin, ina farawa da Afu kafin Orijin. Kai ma in yaranka suka tambaye ka kamannin Allah, gaya musu gaskiya cewa ba a iya zana shi, amma kada ka tsaya nan. Buɗe musu Markus sura 1, sannan ka karanta musu Farawa 9:6, ka tambaye su ko akwai wani a unguwarsu da ayar ba ta shafa ba.